Ƙwarya Mai Sawun Zabuwa

Duk wanda ya shigo shagona a Samaru, kafin ya gama sallama idonsa ya sauka a kan sawun zabuwa. Yana jikin labule, yana jikin jakunkunan da ɗalibai ke ratayawa, yana kan matasan kujera, yana kan ƙoren da muka jera daga ƙasa har rufi. Layuka ne masu tafiya a jere kamar kunyoyin gona, sai sawun zabuwa ya ratsa su a karkace, sai ɗige-ɗige a kewayen baki. Zanen ke nan, ba wani abin a zo a gani ba. Amma shi ya gina shagon, shi ya raba ni da hawa Keke Napep da buhun kaya a cinya, kuma shi ke ciyar da matan da ke yi mini aiki. In baƙo ya tambaye ni inda na samo shi, nakan ce na mahaifiyata ne. Gaskiya na faɗa, sai dai ba ni ta yi wa ba, yayata ta yi wa.

Mu Hausawa ne Kirista daga wani ƙauye a bayan Zariya. Aikin coci ya kawo Baba Sabon Gari, muka tashi a gidan haya mai ɗakuna barjat, inda in ka fito tsakar gida da safe za ka ji yare huɗu kafin ka kai bakin famfo. A nan Mama take zama a ƙofar ɗakinmu da kurfoti a gabanta, ta jera siraran ƙarafa a cikin garwashi. Ta ɗauki ɗaya in ya yi ja, ta ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi, ta mayar, ta ɗauki wani. Ba ta yin zanen gwaji da fensir, daga kanta yake sauka zuwa hannu. Har yau in na ji ƙaurin ƙwarya sai in ji kamar za a aike ni sayo gawayi.

Yawancin abin da take yi na kasuwa ne. Amma akwai ƙwaryar da ba a sayarwa, wato ta aure. Matan gidanmu tun daga kakanni, in 'yarsu za ta yi aure, uwa kan zauna ta ƙirƙiro mata zanen da ba a taɓa yi wa kowa ba, kuma ba za a sake yi ba. Ba don ado kawai ake yi ba. A wurinmu in an yi haihuwa ko rasuwa, mata kan kai abinci a ƙwarya, su ajiye su tafi. In an kwana biyu mutanen gidan su wanke ƙoren, su dubi zanen kowace, su san ta wance ce, su mayar mata da ɗan gishiri ko gyaɗa a ciki, don ba a mayar da ita haka nan. Ba wanda ke tambaya, ba wanda ke rubuta suna. Lokacin da kuloli suka shigo, mata suka fara rubuta sunayensu a jiki da jan farce, Mama takan yi tsaki ta ce, "Kwano sai an rubuta mishi suna kamar ɗan makaranta? Wannan ai ba shi da uwa."

Yayata ta girme ni sosai, ita ta goye ni. Malamar firamare ce a wajen Basawa, mace mai sanyin magana da taurin kai, irin wadda za ta ce maka "to" sannan ta je ta yi abin da ta ga dama. Mama ta ce ta yi mata sawun zabuwa ne saboda tana yarinya a ƙauye ba ta da aiki sai bin zabi cikin gona tana neman inda suka ɓoye ƙwai. Ina nan ranar da aka ƙona zanen, ina tsugune ina fifita garwashi, ina tambayar Mama ni kuma me za ta yi mini. Ta ce, "Ke Auta, da wannan bakin naki, sai dai in zana miki aku." Ba ta zana ba. Ina tsakiyar karatun zane-zane a jami'a ta rasu, ban yi aure ba, ban samu tawa ba.

Da na zo aikin ƙarshe na makaranta, na ari ƙwaryar Yaya na ɗauki hotonta, na fitar da zanen a kwamfuta, na buga a yadi. Malamai suka yaba, ɗalibai suka fara tambaya ko akwai na sayarwa. Ni kuwa na ga hanya, don aikin gwamnati ba ya jiran kowa. Na je gidan Yaya wata Asabar tana tsince shinkafa, na yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halina ba.

Ta ce, "Auta, faɗi abin da ya kawo ki, kin ishe ni."

Na ce ina son in yi sana'a da zanen ƙwaryarta, in ta yarda.

Ba ta ko ɗaga kai daga tiren ba. Ta ce, "Ɗauka mana. Ke ba ki samu naki ba, ni na samu. Ai uwa ɗaya ta haife mu."

Na sha maimaita wa kaina wannan maganar. Na tambaya, ta ba ni, ba sata na yi ba. In an kai mu gaban kowane mai shari'a ni ce da gaskiya, kuma wannan bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Kasuwa ta buɗe fiye da yadda na zata. Na fara da jaka da yadi a ɗakin haya, na koma ɗan shago, na koma babba. Hotuna suka yi ta yawo a waya, oda ta fara zuwa daga Abuja da Legas, har da waɗanda ke ƙasashen waje masu son abin gida a falonsu. Na je ƙauyenmu na nemo matan da suka iya riƙe ƙarfe, waɗanda suka daina saboda roba ta kashe musu kasuwa, na kawo su, muka buɗe wurin aiki a bayan shago. Ba na jin kunyar wannan ko kaɗan. Akwai wadda ta aurar da 'yarta da wannan aikin, akwai wadda ta yi rufin kwano. Mun yi wasu zane-zanen da yawa, na ƙadangare, na ganyen rama, na tsani, amma mai saye in ya juya ya juya, a kan sawun zabuwa yake tsayawa.

Sai na lura masu kuɗi ba sa son sabuwar ƙwarya. Fara ce ƙal, ba ta da labari. Suna son wadda ta yi ja, ta yi santsi, kamar an gada daga kaka. To, mu ma muka koyi tsufar da ƙwarya. Mu shafe ta da man kaɗanya, mu rataye a hayaƙi, mu goge, mu sake shafawa, cikin 'yan kwanaki ta koma ta tsohuwa. Ni da kaina na ajiye hoton ta Yaya a gaban ma'aikata na ce irin wannan launin nake so, kada ya fi, kada ya gaza. Da masu kwaikwayo suka fara cika kasuwar Sabon Gari da nasu, sai na sa aka ƙera mini ɗan tambari na ƙarfe, muna ƙona shi a gindin kowace ƙwarya tamu. Bai fi ƙwayar wake ba, sai ka kifa ƙwaryar za ka gan shi.

Ana nan wani dattijon cocinmu zai aurar da 'yarsa, uwar amarya ta zo shago ta ce ita ba ta son rabon bokitin roba da kowa ke yi, ƙwarya take so a raba wa mata. Na shimfiɗa mata zane-zane, ta ɗora yatsa a kan sawun zabuwa. Bakina har kunne. Muka yi aiki ba ji ba gani, ranar biki kowace mace ta fito da ƙwarya a hannu. Yaya tana gefena, ta dubi matan ta yi dariya ta ce, "Yau Mama ta cika coci." Na ji daɗin maganar har na yi ta faɗa wa mutane. Bayan bikin sai abin ya zama yayi. Matan zumuntar coci suka ajiye kuloli suka koma kai abinci a ƙwarya, ana cewa 'yar wance ta farfaɗo da al'ada. Kaina ya kumbura. Ni da na tashi a gindin kurfotin Mama, ni da na san dalilin da ya sa ba a maimaita zanen aure, ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin abin da zai faru ranar da ƙoren nan za su haɗu a gida ɗaya ba.

Suka kuwa haɗu. Aminiyar Mama ce ta rasu, tsohuwar da muke kira Inna, wadda suka zo Sabon Gari kusan lokaci ɗaya, suka yi zaman gidan haya tare. Yaya ba ta fitar da ƙwaryarta sai abu ya kai abu. Na sha gaya mata ta rataye ta a bango ta huta, takan ce Mama ba don bango ta yi ta ba. Ranar ta yi dambu, ta zuba a ciki, ta rufe da faifai, ta ce Mama ce za ta je yi wa ƙawarta ban kwana. Ta kai, ta ajiye inda ake ajiyewa, ta shiga cikin mata aka yi ta waƙoƙi. Mutane sun zo daga ko'ina, daga Kaduna, daga Kafanchan, daga ƙauyuka, kuma da yawansu sun halarci wancan bikin.

An kwana biyu ba a kawo mata ƙwarya ba, ta je da kanta. 'Ya'yan Inna suka nuna mata lungun da suka tara ƙoren, suka ce su kam sun rasa yadda za su yi, duk iri ɗaya ne, kowa ya zo sai ya ɗauki ɗaya ya tafi. Ta duba sauran da suka rage, ba tata.

Bayan an tashi daga makaranta ta zo shago, da allin allo a hannun rigarta. Ina fama da wata mai saye a waya, na yi mata alama ta zauna. Ta zauna a ƙarƙashin ƙoren da muka jera, ta jira har na gama.

Ta ce, "Auta, ƙwaryan Mama ba ta dawo ba."

Gabana ya faɗi, kuma ni in gabana ya faɗi bakina ke fara aiki. Na ce, "Ban ce miki ki rataye ta ba? Sau nawa na faɗa? Wa ke kai irin wannan abu gidan makoki, inda kowa da kowa ke shiga?"

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "A da ko Kafanchan ta je, da ƙafafunta take dawowa."

Ba faɗa ta yi ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Na ɗaga kai na ga sawun zabuwa a saman kanta, a damanta, a hagunta, har a kan matashin da ta jingina da shi. Wannan faɗan da na yi mata, shi ya fi tsaya mini a rai har yanzu, don na san sarai wa ya kamata a yi wa shi.

Na bar shago a hannun ma'aikata muka shiga nema. Gida-gida muka bi, Sabon Gari, unguwar Jama'a, har cikin bariki a Basawa wajen matan sojoji 'yan cocinmu. Ni ce mai kifa ƙwarya. In na ga tambarina in ajiye, in ban gani ba in sa rai, sai in duba da kyau in ga ta 'yan kwaikwayo ce, layukan a karkace, sawun kamar na agwagwa. Na yi ta kiran waya wajen waɗanda suka zo daga nesa. Wata ta ce tata ta ba surukarta, wata ta ce yara sun fasa, wata ta ce za ta duba ba ta sake ɗaukar wayata ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wadda ta yi mugunta. Kowace ta ɗauki abin da ta yi imani nata ne, kuma ni na sa aka yi su yadda ba za a bambance ba.

Daga ƙarshe shugabar zumuntar mata ta yi sanarwa, ta ce ranar taro kowace mai ƙwaryar sawun zabuwa ta zo da ita. Aka shimfiɗa tabarmi a barandar coci aka jera su. Ban taɓa ganin aikina da yawa haka a wuri ɗaya ba, kuma ban taɓa ƙin ganinsa kamar ranar ba. Na durƙusa na fara kifawa ɗaya bayan ɗaya, mata sun kewaye ni. Tun ana raha har aka daina. Wata ta ce, "Wai bincikenmu ake yi ne? Mu fa ba ɓarayi ba ne." Wata tsohuwa daga baya ta ce, ba a ɓoye ba, "Ai ita ta jawo. Abin uwa ba a kai shi kasuwa." Wata ta tare ta ta ce yarinyar nan ta rufa wa mata da yawa asiri, a bar ta. Nan take wuri ya fara rabuwa biyu a kaina. Na kai ƙarshen tabarma, babu. Na kasa tashi, ina jin hawaye na taruwa, ni da ban iya kuka a gaban mutane ba.

Sai Yaya ta taso. Duk wannan lokacin tana zaune a kan benci. Ta bi layin a hankali, ta sunkuya ta ɗauki wata daga tsakiya, ta juya ta a hannu, ta shafa bakinta.

Ta ce, "Ga ta nan. Ita ce."

Mata suka ɗauki guɗa. Mai ƙwaryar, wata matar tela, ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri, ta ce ita sam ba ta lura ba, Yaya ta ce ba komai, ai kuskure ne. Shugaba ta ja waƙar godiya. Tsohuwar da ta yi magana ta zo ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, zafin rai ne.

Ni kuwa na san ƙwaryar. Ban daɗe da kifa ta ba, tambarina na nan a gindinta. Na buɗe baki na rufe. Zan so in ce don kada in kunyata Yaya a gaban mata na yi shiru, amma ba haka ba ne. Daɗi na ji. Na ji an sauke mini dutse daga ka, na tashi na karkaɗe zanina na shiga waƙa tare da kowa. Washegari na kai wa matar tela sabuwar ƙwarya, na ce tukuici ne.

Bayan nan na shawo kan kaina cewa Yaya kuskure ta yi da gaske. Ido ya fara rauni, ga shi mun iya aikinmu, me zai hana ta ruɗe? In ta gaskata ta Mama ce, ai ta Mama ce a wurinta, in na faɗa mata me zan ƙara mata ban da baƙin ciki? Haka na yi ta lallashin kaina. Na ci gaba da kiran waya a ɓoye na ɗan lokaci, daga baya na gaji. Na taɓa cewa zan daina sawun zabuwa gaba ɗaya, na faɗa wa Yaya, ta ce, "Ki daina ki ba matan nan me? Kada ki soma." Ban musa ba, kuma na san ban musa ba ne don amsar da nake so ke nan. Oda ta ci gaba da zuwa, har muka ƙara ɗaki a bayan shago.

Da damina ta tsaya, wata Lahadi bayan an taso daga coci na bi ta gida. Ta yi dambu da zogale, ta zubo mana a ƙwaryar, muka ci muna hirar ɗalibanta da tsadar taki. Da muka gama na ce yau ni zan yi wanke-wanke, ta ce ashe za a yi ruwa da ƙanƙara. Na kwashi kwanuka na fita bakin rijiya. Na wanke cikin ƙwaryar, na kifa ta don in wanke bayan.

Tambarin ba ya nan. An kankare shi da wuƙa, a hankali, ba a huda ƙwaryar ba, wurin ya yi ɗan fari. A kan farin kuma an rubuta sunan Yaya da jan farce, da kyakkyawan rubutunta na malamar makaranta.

Na ji takunta a bayana, ta tsaya, na san ta ga abin da nake kallo. Na kasa juyowa.

Na ce, "Yaya."

Ta ce, "Kada ki goge wurin da soso, zai fita." Ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryar, ta yarfe ruwan, ta kifa ta a kan murfin randa. "Gobe zan kai kunu gidan haihuwa a Jama'a. Ina so ta dawo."